Warin fetur lokacin tayar da mota: inda yake fitowa da yadda ake gyara shi

Tambaya: Ina da Toyota Corolla ƙirar 2005 mai injin lita 1.8, wadda na saya 'yar Beljiyam. Kusan wata guda ke nan, duk safiya idan na tayar da ita sai warin fetur ya cika cikin motar, bayan minti uku ko huɗu kuma ya ɓace. An canza fulogi amma bai daina ba, bakanike kuma ya ce haka tsofaffin motoci suke. Shin akwai hatsari, kuma me ya kamata a duba?

Amsa: Malam, akwai ƙamshin gaskiya a maganar bakanikenka, amma ba gaskiyar da za ka kwanta a kanta ba ce. Injin da ya kwana yana buƙatar mai fiye da wanda ya ɗauki zafi. Idan komai ya daidaita, inji yana ƙona kashi ɗaya na fetur da kashi 14.7 na iska bisa nauyi, amma da sanyin safiya fetur ba ya saurin zama tururi, wani sashensa yana mannewa a jikin ƙarfe mai sanyi, saboda haka ƙwaƙwalwar motar, wadda makanikai ke kira birenbos, takan ƙara yawan man da nozul ke fesawa domin injin ya kama. A daidai wannan lokacin kuma matatar hayaƙin da ke jikin salansa, wadda aka yi wa laƙabi da indomi, ba ta fara aiki ba, domin sai zafinta ya kai wajen digiri 250 zuwa 300 take iya ƙone ragowar man. Wanda ya tsaya a bayan mota da asuba, musamman da hunturu, zai ji ɗan wari daga bakin salansa na minti ɗaya ko biyu, kuma wannan ba cuta ba ce. Abubuwa biyu ne a bayaninka suka hana ni karɓar uzurin tsufa: warin yana shiga har cikin motar, sannan wata guda kacal ke nan da farawarsa. Motarka ba a watan jiya ta tsufa ba, don haka akwai abin da ya canza, kuma shi za a nema.

Kafin a sake sayen ko da kusa ɗaya, sai an raba tsakanin wari iri biyu waɗanda hanci yakan ɗauka ɗaya ne. Akwai warin ɗanyen fetur da ke yoyo ko tururinsa ke tsira daga wani wuri tsakanin tanki da inji, irin wanda ake ji a gidan mai. Akwai kuma warin fetur da ya shiga inji bai ƙone duka ba ya fito ta salansa, wanda yake haɗe da ƙaurin hayaƙi, wani lokaci har ya sa ido yaji. Na biyun yana cin aljihu, yana kuma lalata inji sannu a hankali, amma na farkon shi ne ke ƙona mota, kuma hanyar binciken kowannensu daban take. Canza fulogin da aka yi maka magani ne na wani ɓangare na iri na biyu kawai, an kuwa ba da shi tun ba a san ciwon ba.

Game da hatsari, amsar ita ce akwai shi, har sai an tabbatar ba yoyo ba ne. Fetur yana fitar da tururin da zai iya kamawa da wuta ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, tururin kuma ya fi iska nauyi, saboda haka yakan kwanta ƙasa, ya taru a ƙarƙashin mota, cikin ramin gareji ko ɗakin ajiye mota da aka rufe. Idan ya kai kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsi ɗaya daga kan batir ko daga kik ya isa. A yi binciken a fili inda iska ke kaɗawa, babu taba, babu ashana, kada a kusanci wurin masu walda, a kuma ajiye abin kashe gobara mai hoda a kusa, domin ruwa ba ya kashe wutar fetur, sai dai ya yaɗa ta. In ka ga jiƙa ko ɗigo a ko'ina, a kashe motar nan take, kada a tuƙa ta zuwa gareji, a kira bakanike ya zo ko a ja ta.

Binciken farko ba ya buƙatar komai sai mutum biyu da hanci. Da safe, kafin a taɓa makulli, ka zagaya motar ka shinshina wajen murfin tanki, ƙarƙashin kujerar baya, da cikin bonet, ka kuma duba ƙasan da ta kwana a kai. Sannan wani ya tayar da ita kai kana tsaye a gefen bonet a buɗe, daga baya ka koma bakin salansa. Akwai wata alama kuma da za ka iya gwadawa kai kaɗai. Iskar da fankar esi ke shigowa da ita tana shiga ne ta ramukan da ke gindin gilashin gaba, dab da bayan inji. Idan ka danna maɓallin da ke juya iskar ciki, ka rufe tagogi, warin ya ragu sosai, to tushensa yana cikin bonet. Idan bai ragu ba, kuma ya fi ƙarfi a baya, tankin za a tuhuma. Wasu za su ce maka ka murɗa makulli rabi ba tare da yin ki ba, famfon mai ya tura mai na daƙiƙa biyu, ka ga ko zai yi yoyo. Wannan yana aiki a Honda da motoci da yawa, amma yawancin Toyota na wancan zamanin ba sa kunna famfo sai an fara yin ki, don haka rashin ganin komai ta wannan hanyar ba hujja ba ce a motarka. Mai na'urar bincike ta kwamfuta yana iya kunna famfon inji na kashe, kuma wannan ya fi aminci.

A cikin bonet, abin da na fi tuhuma a irin bayaninka shi ne 'yan zobban robar da ke saman nozul, inda kowane ɗaya daga cikin huɗun yake shiga bututun ƙarfen da ke raba musu mai. Man da ke cikin wannan bututun yana ƙarƙashin matsi mai ƙarfi, a Corolla irin taka psi 44 zuwa 50 ne (psi shi ne ma'aunin da ake auna matsi da shi, kamar na iskar taya), robar nan ce kaɗai ke riƙe da shi. Idan ta shekara goma sha tana shan zafin inji sai ta bushe ta taurare. Da sanyi takan tsuke ta bar 'yar kafa, mai ya riƙa tsattsafowa, idan inji ya ɗumama kuma ta kumbura ta toshe kafar, ɗan abin da ya zubo zafi ya busar da shi, fanka ta kore warin. Shi ya sa mai mota zai rantse da safe ya ji wari, ya isa gareji da hantsi bakanike ya duba ya ce babu komai, alhali dukkansu gaskiya suka faɗa. Ko bayan ya bushe yakan bar shaida: za ka ga gindin nozul ɗaya ya yi fes kamar an wanke shi alhali sauran sun yi ƙura, ko kuma ƙura ta daskare a kansa da danshi. Farar takarda da aka manna a wurin lokacin da aka tayar da mota tana nuna jiƙar da ido ba ya gani. Ka tuna kuma ko an wanke maka nozul kwanan nan, domin sau da yawa daga nan matsalar take farawa: a cire su, a wanke, a mayar da tsohuwar roba, ko a tura sabuwa a bushe ta yage. Gyaran shi ne a canza robobin duka huɗu, na sama da na ƙasa, a shafa musu ɗan fetur ko baƙin mai mai tsabta, a tura nozul ana ɗan juya shi har ya zauna, kuma bayan an ɗaure ya kasance yana iya juyawa da hannu ba tare da ya cije ba.

Daga nan a bi tiyon da ke kawo mai, da mahaɗinsa na roba mai ɗan maɓalli, wanda yara a gareji sukan karya da sukudireba su ɗaure da waya. Kafin a kwance kowane bututun mai, a cire soket ɗin famfo, a tayar da inji har ya mutu da kansa domin matsin ya sauka, sannan a cire kan batir na baƙar waya. Idan tiyo ne ya tsage, a nemi wanda aka yi domin motar nozul, wanda galibi ake rubuta SAE J30R9 a jikinsa. Tiyon motar kafireto, wadda matsin manta bai wuce psi 7 ba, balle na ruwa ko na janareta, yana iya riƙewa mako biyu ya fashe a kan salansa mai zafi. Haka sabulun da ake goga wa tankin da ya ɓule: dabara ce ta fita daga daji, ba gyara ba ne.

Idan hanci ya kai ka baya, a ɗaga kujerar baya, akwai murfi a ƙarƙashinta, shi kuma a ƙarƙashinsa kan famfon mai yake. Duk motar da aka taɓa canza wa famfo, nan ne wuri na farko da ya kamata a leƙa, domin robar da ke rufe bakin tankin takan kumbura idan an cire ta, ta ƙi komawa mazauninta, sai a danna ta haka nan a ɗaure. Alamar wannan ita ce wari yana ƙaruwa idan tanki ya cika, yana raguwa idan ya sauka ƙasa da rabi, kuma za ka ga saman tankin da danshi ko tabo. Motocin da suka fito daga yankunan dusar ƙanƙara na Amurka, Kanada da Turai suna da wata larura ta daban: gishirin da ake watsawa a titi da hunturu yana cinye bututan ƙarfe da ke ƙarƙashin mota da wuyan da ake zuba mai ta cikinsa. Tsatsar tana tahowa da motar tun daga can, sai ta ɓule a hannunka bayan shekaru. A ɗaga motar a bi bututun da tocila daga tanki har inji.

Akwai kuma tsarin da ke kama tururin tanki, wanda mutane da yawa ba su san yana cikin motarsu ba. Tururin da fetur ke fitarwa a cikin tanki yana bi ta wani siririn tiyo zuwa wani akwati mai cike da gawayi, gawayin ya tsotse shi, idan inji ya yi zafi sai ƙwaƙwalwa ta buɗe wani bawul na lantarki inji ya zuƙe tururin ya ƙona. Gawayin nan don tururi aka yi shi, ba don ruwan fetur ba. Ɗabi'ar nan ta ci gaba da ɗura mai bayan famfon gidan mai ya katse da kansa, har da jijjiga mota don a sami wurin ƙarin lita ɗaya, ita ce ke tura ruwan fetur cikin akwatin, ya jiƙe ya riƙa amayar da wari. Bawul ɗin kuwa idan ya maƙale a buɗe, motar takan yi wuyar tashi musamman dab da fitowa daga gidan mai. Gwajinsa mai sauƙi ne: a cire shi a hura, idan babu wuta a jikinsa bai kamata iska ta wuce ba. Murfin tanki ma a duba robarsa, shi ne mafi arha a duk abin da na ambata. Sai abin da zai ba ka dariya amma ya sha faruwa: jarkar da aka ɗauko man janareta ko aka saya wurin 'yan bumburutu ta ɗan zuba a but, kafet ya shanye, mota ta kwana a rufe, da safe a tuhumi inji.

To, idan an duba duk wannan babu yoyo, kuma warin a bakin salansa ya fi ƙarfi, tambayar ta koma: me ya sa mai yake yin yawa, ko me ya hana shi ƙonewa? Babban abin tuhuma shi ne nozul da ba ya rufewa sosai. Bayan ka kashe mota, matsin da ya rage a bututu yana tura mai ta bakinsa ɗigo-ɗigo cikin dare, da safe injin ya tarar da man da ya fi ƙarfinsa, ya daɗe yana ki, ya tashi yana kakkarwa, ya tofar da baƙin hayaƙi, sannan ya daidaita. Ma'aunin matsi ne ke tabbatar da wannan. A ƙa'idar Toyota, minti biyar bayan kashe inji matsin bai kamata ya sauka ƙasa da psi 21 ba. Idan ya sauka, ko dai nozul ne ke ɗiga, ko kuma man yana komawa tanki ta cikin famfo. Bambancinsu shi ne komawar mai tanki tana sa daɗewa wajen ki amma babu wari ko hayaƙi, ɗigar nozul kuwa tana zuwa da su duka, kuma fulogin silindar da abin ya shafa zai fito baƙi ko a jiƙe alhali sauran ukun sun yi launin toka. Nozul mai lafiya bai kamata ya ɗiga fiye da ɗigo ɗaya a minti 12 ba. Wanki yakan gyara wanda datti ya tokare, amma wanda bakinsa ya ci sai canji. Ka zaro gejin baƙin mai ka shinshina. Idan yana warin fetur, ya tsinke, ko ya haura alamar cika ba tare da an ƙara ba, to fetur yana gangarawa ta gefen fistin, kuma man da ya tsinke haka ba ya kare metal da ringi.

A tsofaffin motoci irin Honda Accord ƙirar 1998 zuwa 2002, akwai abin daidaita matsin mai a ƙarshen bututun nozul, da ɗan tiyon iska a kansa. Idan fatar cikinsa ta yage, inji yana zuƙar fetur kai tsaye ta wannan tiyon, kuma da ka zare shi za ka tarar da mai a ciki. Na ambace shi ne don kada a sayar maka da shi, domin a motarka yana cikin tanki tare da famfo, ba shi da tiyon iska.

Abu na gaba shi ne sensar zafin ruwa, wadda ke gaya wa ƙwaƙwalwa yadda inji yake. Idan ta yi ƙarya ta ce ana tsananin sanyi, ƙwaƙwalwa za ta zuba mai kamar motar tana Kanada a watan Janairu. Wadda ta mutu gaba ɗaya tana da sauƙin kamawa, domin ƙwaƙwalwa takan ajiye lambar matsala, wadda na'urar bincike ke karantawa, tsakanin P0115 da P0118. Mai wahalar ita ce wadda ta karkace kaɗan ba ta ajiye lamba ba. Ana kama ta ne da safe kafin a tayar da mota: a haɗa na'urar bincike, a karanta zafin ruwa da zafin iskar da ke shiga inji, tun da motar ta kwana dole su yi kusa da juna, bambancin bai wuce 'yan digiri ba. Da mita kuma, sensar Toyota tana nuna turjiyar lantarki ta wajen om 2,400 a digiri 20, da wajen 320 a digiri 80. A nan ne zan yi ƙorafi a kan al'adar cire tamostat da haɗa fankar lagireto kai tsaye da makulli, da hujjar cewa ƙasarmu da zafi. Tamostat ɗin wannan injin yana buɗewa ne a wajen digiri 82, kuma aikinsa shi ne injin ya yi saurin kai wa zafin aiki. Idan an cire shi, injin yana daɗewa a cikin yanayin ƙarin mai, warin da ya kamata ya wuce a minti ɗaya ya kai goma, shan mai kuma ya ƙaru.

Na'urar binciken nan tana da amfani ƙwarai, kuma motarka tana da wurin haɗa ta a ƙarƙashin sitiyari, domin an wajabta tsarin OBD-II a motocin Amurka tun 1996, a motocin fetur na Turai kuma tun 2001. Lambar P0172 tana nufin mai ya yi yawa, P0300 zuwa P0304 na nufin silinda tana fashin ƙonawa, P0441, P0442, P0455 da P0456 kuma na tsarin tururin tanki ne. Amma lamba tana nuna unguwa ne kawai, ba ta nuna gida. Mai na'urar ya dubi adadin da ƙwaƙwalwa ke rage mai da shi, in ya wuce kashi 10 cikin ɗari a dawwame, akwai man da ke shiga ba da izininta ba. Kada ka yarda a fara da canza sensar iskar oksijin, wadda aka fi ɗora wa laifi, domin a daƙiƙun farko na tashin inji mai sanyi ƙwaƙwalwa ba ta ma sauraronta. Ka lura kuma ko fitilar gargaɗin inji tana kamawa idan ka murɗa makulli rabi. In ba ta kamawa, an cire ƙwanta ko an rufe shi kafin a sayar maka, kuma mai yiwuwa motar ta daɗe tana kuka ba a ji.

Tun da an canza fulogi, a tabbatar an ɗaure su da kyau, kuma irin nata ne, masu tazarar milimita 1.1, domin jabu sun cika kasuwa, fulogin da bai ɗauru ba kuma yana barin tururin mai ya tsira ta gefensa. Injinka yana da kwayil huɗu, ɗaya a kan kowane fulogi. Idan na'ura ta nuna silinda ta biyu ce ke fashi, a musanya kwayil ɗinta da na ta uku, in matsalar ta bi shi ta koma ta uku, an kama mai laifi ba tare da an sayi huɗu ba. Kada a bar wannan ya daɗe, domin man da bai ƙone a silinda ba yana zuwa ya ƙone a cikin indomi har ya narkar da ita.

Ita indomin ma a leƙa a ga ko tana nan. Saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, wato filatinam, faladiyam da rodiyam, ana fasa ta a kwashe cikin a mayar da kwanon, wani lokaci da sanin mai mota, wani lokaci ba da saninsa ba. Motar da aka yi wa haka hayaƙinta ba ya rabuwa da wari, kuma takan ajiye lambar P0420. Sai dai hayaƙin bakin salansa ba ya cika cikin mota sai in akwai ɓula a gaba, a gaskit ɗin da ke haɗa salansa da inji ko a mahaɗin da ke ƙasa da shi. Irin wannan ɓular ma da sanyi take buɗewa, da zafi ƙarfe ya miƙe ya rufe ta, kuma ana gane ta da ƙarar tas-tas da safe da baƙin kunkunniya a gefen mahaɗin. Wannan ba abin sakaci ba ne, domin tare da warin da kake ji akwai iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ko kaɗan, kuma tana kisa. Idan kai ko yara kuna jin ciwon kai ko jiri a cikin motar, a buɗe tagogi a kai ta gyara a ranar.

Mai tsohuwar Peugeot 504 ko wata motar kafireto, nasa binciken ya fi gajarta: cok da ya maƙale a rufe, ko allurar da ke tsayar da mai a kwanon kafireto ta daina rufewa, mai ya cika ya tumbatsa.

A motarka kuwa, tun da ba ka ambaci wuyar tashi, kakkarwa ko baƙin hayaƙi ba, kuma warin yana shiga ciki da safe ya ɓace idan inji ya ɗumama, zan fara da robobin nozul da mahaɗin tiyo, sai ɓular salansa ta gaba, sai robar famfon da ke ƙarƙashin kujera, kafin a je ga ma'aunin matsi da sensa. Idan an tarar fetur ya shiga baƙin mai, a juye shi a canza matatarsa bayan gyaran, ko da lokacin juye bai yi ba. Kuma ka kai motar garejin da yamma da tanki a cike, ka bar ta ta kwana a can, ka riƙe makullin a aljihunka, washegari ka zo da sassafe a tayar da ita a gabanka bonet a buɗe, domin idan wani yaro ya riga ku tayar da ita don ya matsar da ita gefe, sai an sake jiran wata safiyar.